Ajin Adabi Na Kowa Ne

"Ajin adabi zai yi miki nauyi, 'yata," in ji Sista, shugabar sashen Turanci a makarantarmu ta Katolika. Tana jan kowace kalma kamar mai yi wa kurma magana. "Akwai ajin masu koyon Turanci. Can za ki fi sakewa cikin 'yan'uwanki."

A birnin Sydney aka haife ni, da Turanci na tashi. Harshen iyayena na tsibirin Tonga ma da ƙyar nake haɗa gaisuwa da shi. Kuma ni na zo ta ɗaya a jarrabawar rubutu ta bana.

"Sista, adabi nake son karantawa a jami'a."

"Ke, yi shiru!" Baba, da ya rako ni ofishinta, ya katse ni. Ya ɗauro tabarmar girmamawa ta al'adar Tonga a ƙugu kamar ranar Lahadi. Ya sunkuyar da kai. "Sista ta fi mu sani. Mun gode, Allah ya saka."

Godiyar nan ta fi maganar Sista tayar mini da zuciya.

A bakin ƙofar makaranta muka tarar ana rataye sabon allon tallar neman ɗalibai. Hotona ne a jiki, da furen da 'yan makarantar suka sa na maƙala a kunne, na rungume ƙaton littafi ina murmushi. A ƙasa an rubuta: "Ajin adabinmu na kowa ne."

Baba ya ciro waya, yana fara'a. "Kai, kin yi kyau! Tsaya nan in ɗauka, in tura gida."

Na tsaya. Yawu ya cika mini baki, na rasa inda zan tofar.