Kafaɗar Lefteris

Evanthia ta banko ƙofar asibiti, tana janye da mijinta Lefteris har gaban likita.

"Ke yarinya, kin kashe wa mijina kafaɗa! Zaitun ya nuna yana zuba, shi ko hula ba ya iya ɗora wa kansa. Yau sai na kai ƙararki gun magajin gari."

Likitar gashin ƙashi ta ce, "Sannu, Inna. Baba, motsin da na nuna maka fa? Ka fuskanci bango, yatsunka su riƙa hawa sama, safe da yamma. Kana yi?"

Lefteris ya sunkuyar da kai. Evanthia ta zungure shi.

"Buɗe baki mana, tsoho. Faɗa mata kana yi."

"Sau ɗaya na yi," ya ce wa matarsa a hankali. "Ranar kin gama shafa wa bangon gida farar ƙasa. Kika ce in na ƙara taɓa shi da ƙazaman yatsuna, da awaki zan kwana."

Evanthia ta jawo ɗankwalinta har gira, ta saci kallon bangon asibitin.

"'Yata," ta ce ƙasa-ƙasa, "naku bangon ana iya taɓawa?"