Mai Ɗakin Ƙofa

Da hantsi 'yan sanda suka zaro bindiga daga cikin silin ɗakin ƙofa, a naɗe cikin buhun siminti. Bayanta aka fito da rediyoyi da agoguna, kayan wani ɗan kasuwa da aka tare a hanyar Kano. Hajiya Barakatu, mai gidan, tana tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ta kasa ajiye ta.

Gidan nan shi ne duk abin da ta mallaka. Bazawara ce, da tuwon sayarwa ta tara abin da ta tara. Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka, ma'aikata da direbobi suka cika Sabon Garin Wudil suna neman wurin kwana, sai ta rushe ginin ƙasa ta tayar da na bulo da kwano, ta zuba 'yan haya.

Labaran, saurayin da ke haya a ɗakin ƙofa, wani tsoho daga Indabo mai suna Malam Ya'u ne ya kawo shi. Hajiya, wadda ko malamin makaranta sai ta bi asalinsa kafin ta ba shi makulli, ba ta tambayi komai ba. Ta miƙa wa tsohon makullin ɗakin da ya fi kowane iska, ta shige ciki.

Amma fa daga ranar ba wanda ya ga ta dubi saurayin. In ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta kau da kai ta shiga yi wa kaji faɗa. In zancensa ya kama, sai ta ce "wancan na ƙofa". Ranar Juma'a kuwa dambunta kullum sai ya yi yawa, ta ba maƙwabciyarta Uwa mai ƙosai ragowar ta ce a kai wa gwauro, kada ya lalace. Uwa takan ce, wallahi ba ta taɓa ganin ƙiyayya irin wannan ba.

Saja Haladu bai ɓoye mata komai ba a ofishin 'yan sanda. Ya ce dokar soja ba ta wasa: ɗan fashi da makami harbi ne, wanda ya ɓoye shi da saninsa kuma shi ma ya shiga ciki, gidan a garƙame. Mafita ɗaya ce, a tabbatar ba abin da ya haɗa ta da yaron sai haya.

"Hajiya, daga ina yake? Su waye danginsa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ko uffan. Saja ya buga tebur, ya lallaba, ya sake bugawa. A banza. Ya sa aka tsare ta a bayan kanta.

Ba a daɗe ba aka kamo Labaran a kara, kasuwar shanu, yana ƙoƙarin hawa motar shanu mai zuwa kudu. Aka shigo da shi da ankwa, leɓe a fashe. Saja ya tsayar da shi a gabanta ya ce ta dube shi da kyau, ta faɗi sunansa.

Ta juya fuska bango.

Saja ya koma kan yaron. "Kai, me ke tsakaninka da matar nan?"

Labaran ya daɗe yana kallon bayan mayafinta. "Haya ce kawai, ranka ya daɗe. Ko gaisuwata ba ta amsawa."

Uwa ta zo ta rantse haka ne. 'Yan haya ma suka ba da shaida baki ɗaya, cewa matar da ba ta iya haɗa ido da mutum ina za ta haɗa baki da shi? Saja ya gamsu. Aka sallame ta, gida ya tsira. Mata suka yi ta shigowa barka, ana cewa Allah ne ya nuna mata mugun tun farko. Ita dai sai ta ce to.

Hukunci ya zo yadda Saja ya faɗa. A rediyon wani ɗan haya aka ji sanarwar an zartar a Kano. Hajiya tana tsince shinkafa a lokacin, ta ci gaba da tsincewa, tana zubar da ƙwayar tana barin tsakuwar.

Washegari Malam Ya'u ya zo kwasar kayan mamacin. Bai shiga ɗakin ba tukuna, ya durƙusa a gaban Hajiya ya ce, "Ya haƙuri?" Uwa ta yi sororo, don a saninta ba a yi wa mai gidan haya gaisuwar ɗan haya.

Hajiya ta miƙe ta shiga ɗakin ƙofa, ta ɗauki rigarsa ta rungume. Tun ranar da ta haife shi a gidan aurenta na farko a Indabo, kunyar ɗan fari ta hana ta kama sunansa, sai yau da ba mai amsawa ta buɗe baki ta ce, "Labaran."