Waldar da Na Lulluɓe da Laka

Ana fita sallar azahar na faɗa ɗakin injin matse gyaɗa na garin Magarya, da ƙwaryar laka a hannu.

Ɗana Maharazu ne ya yi waldar bututun tururin da ya tsage. Dokar Nasaran injin kuwa, wanda ya yi walda shi zai tsaya gabanta in za a saki tururi. In ta fashe, shi za ta dafa.

Na tarar da walda biyu. Ɗaya sumul, ɗaya kamar kashin kaza. Na san hannun ɗana, ko ɗinkin ƙwarya bai taɓa iyawa ba. Na damɓara wa mummunar waldar laka da kashin shanu, yadda muke liƙe tsagar rumbu a ƙauyenmu Kwaya.

Da la'asar Nasara ya iso. Ya ga laka, fuskarsa ta yi ja. Ya sa aka kankare, ya shafa kananzir, ya goge, ya barbaɗa alli. Sai ga siririyar tsaga ta fito.

Ya ce, "Wanda ya yi wannan, yau ya bar aiki."

Na dubi ɗana.

Maharazu ya ce, "Mushe," wato maigida da Faransanci, "waldar nan taka ce, ta bara. Tawa ga ta can."

Nasara ya kama tari.

A hanyar gida Maharazu ya dubi lakar da ke farcena. "Baba, walda biyu ce fa. Me ya sa ka zaɓi waccan?"

Na ce, "Kai dai ɗaga ƙafa, magariba za ta wuce mu."