Hular da Jatau Ya Dawo da Ita

Ummuhani yarinya ce mai zargi, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ko aminiyarta Nagoggo, wadda suke zama benci ɗaya a makaranta, ba ta tsira ba.

Ranar da Jatau, saurayin Ummuhani, ya dawo garinsu Gadarif daga yankan riɗi a Fashaga, ya tare su a hanyar famfo. Ummuhani kansa ta fara duba. Hular da ta saƙa masa fara ce tas. Wannan kuwa da shuɗin zare a baki, yadda Nagoggo ke ƙarasa saƙarta.

"Ina tawa?" ta ce.

"Ta yi mini kaɗan, wallahi. Tana jaka."

"Wannan dai ta zauna daidai. Wa ya auna kan naka?"

Jatau ya sosa ƙeya. Nagoggo ta sauya wa bokitinta hannu.

"Ta yayana ce, ara masa ya yi," in ji ta, idonta a ƙasa.

Mai yiwuwa ne, yayan ma Fashaga ya je. Ummuhani ta dube su duka biyun, ta ce:

"Abu ɗaya nake roƙonku. In akwai magana, ku faɗa mini da bakinku, kada in tsince ta a aji."