Ƙaramin Takunkumi

Da la'asar, tana kwashe takardu daga kan tebur, nas ɗin asibitin ta ci karo da wani kwali. Babban takunkumin numfashi ne, da lambar wani direba a jiki da rubutun hannunta. Direban kuwa ya tafi tun kafin azahar, leda a hannu, yana ta sa mata albarka. Ke nan ƙarami ta zuba masa.

Gabjejen mutum ne, mai faffaɗar fuska da gemu kamar tsintsiya. Bas yake ja a doguwar hanya. Kamfani ya dakatar da shi ranar da gyangyaɗi ya kwashe shi a kan sitiyari ya kankare bangon gada, da fasinja arba'in a bayansa. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Gwaji ya nuna numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, shi ya sa yake wuni a gajiye. Aka ba shi na'urar da ke hura iska ta tiyo zuwa takunkumi. Sharaɗin kamfani ɗaya ne: ya kwana talatin da ita, katin da ke cikin na'urar ya shaida, asibiti ya sa hannu, sannan ya koma bakin aiki.

Iri uku ta gwada masa a ranar. Na hanci bai yi ba, don da baki yake shaƙa. Na ƙofar hanci ya ce yana masa cakulkuli. Sai babban nan mai rufe baki da hanci ya zauna, shi ma da ƙyar. Ya dubi madubi ya ce shi da ke juya mota mai taya goma, yau shi aka ɗaura wa takunkumi kamar jakin da ya shiga gonar mutane. Ta yi dariya, waya ta yi ƙara, ta ɗauki kwalin da ke kusa da hannunta.

Tana da lambarsa. Sau biyu ta ɗaga waya ta ajiye. A makon nan likita ya wanke ta tas a gaban marasa lafiya kan wani fayil da ta musanya, ya ce saura na ƙarshe. Ta tura kwalin can ƙasan durowa, ta ce gobe. Gobe ta zama mako. Ta riƙa lallashin kanta cewa ai zai dawo da ƙorafi, ta canza masa a ɓoye. Bai dawo ba.

Ta san abin da ƙaramin takunkumi ke yi a irin wannan fuska: iska ta riƙa tsiyaya ta gefe, mutum ya gaji ya yar. Abinci ya daina yi mata daɗi. Ko likita ya kira ta don wani abu daban sai gabanta ya faɗi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kunya take ji, ta kanta ma fiye da ta likita.

Ranar talatin direban ya zo tare da matarsa, wata 'yar siririya da ta rufe hanci da baki da hankici, wai mura ke damun ta. Nas ta zare katin ta sa a kwamfuta.

Awa bakwai kowane dare, ba fashi. Iska ba ta tsiyaya ba. Numfashi bai ɗauke ba sai abin da ba a rasa ba. Tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa ganin kati mai kyau haka a watan farko ba.

Ta tambaye shi ko madaurin na takura masa. Ya yi hamma, ya ce sammako suka yi, ya dubi matarsa. Ita ta amsa, ta cikin hankici: sai an ɗan sassauta na hagu, kuma in an kwanta ta dama ya fi zama. Ita ta san ruwan da ake zuba wa na'urar, ita ta san yadda ake wanke tiyon a shanya a inuwa.

"Malam, ka yi dacen mata," in ji nas.

"Wallahi na yi, Sista," ya ce, kansa a ƙasa.

Maganar kwalin ta zo mata har bakin harshe. Amma ga kati ya wanke ta, wa zai tono abin da Allah ya rufa? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta cike takardar, ta kai wa likita, ya leƙa lambobin ya sa hannu, ta buga hatimi. Direban ya karɓa da hannu biyu, ya ce bari ya ruga, in ya kai kafin azahar yau ma za su ba shi motar yamma. Ya bar matar ta haɗa kaya.

Nas ta zauna, ta ja numfashin da ta yi wata ba ta ja ba. Matar ta durƙusa tana naɗe tiyo, zif ɗin jakar ya ƙi. Ta ajiye hankicin a kan kujera ta kama da hannu biyu, sannan ta ɗago kai za ta yi sallama.

A karan hancinta akwai jan shati, ya gangaro ta kumatu biyu ya haɗe a ƙarƙashin leɓe, daidai faɗin ƙaramin takunkumin da ta kwana talatin a cikinsa.