Ɓarawon Farin Giboshi

Tsuneko mai awara ce ta fara ba ni labarin nan. Katanga ɗaya ta raba ta da Kikuyo, don haka ba ji-ta-ji-ta ba ce.

Kikuyo tana da giboshi guda a bayan ɗakinta, wani tsiron ado mai faffaɗan ganye, irin mai farin ganyen nan da ɗan kore a gefe. Wanda ya taɓa dasa shi ya san halinsa. Rana ta yi yawa ya ƙone, inuwa ta yi yawa ya rame, ga dodon koɗi ba ya barin sa. Mijinta Shohachi ne ya shigo da shi a tukunya, shekarar da zai rasu. Bai faɗi inda ya samo ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da ya tafi, sai shukar ta zama abin da ya rage mata nasa.

Ta kula da shi kamar jariri. Kafin dusar ƙanƙara ta sauko, takan jibga masa karan shinkafa har ya kai gwiwa, yadda muke lulluɓe ƙananan bishiyoyi. Maƙwabcinta Gengo, abokin marigayin tun suna yara, ya taɓa leƙowa ta shinge ya ce ta rage karan nan, ɓeraye na son wuri mai ɗumi. Ta ce ya je ya koya wa kabejinsa.

Duk shekara kuwa, da ƙanƙara ta narke, sai ga 'yan tsirai uku, farare tas. Mata har daga ƙauyen ƙetare suke zuwa kallo, don duk wanda ya dasa farin irin, mutuwa yake yi. Kikuyo takan zuba musu shayi tana ta bayanin sirrin karan shinkafa.

Abu ɗaya ke ci mata rai. Giboshin kowa yana ƙara faɗi shekara bayan shekara, nata yana nan yadda yake. Sai ta fara lura. Ƙasar gindinsa a tone take duk lokacin tsiro, an mayar an daddanna da hannu. Har da ɓurɓushin jar ƙasa, alhali tata baƙa ce. Wata safiya da sanyin asuba ta ɗaga labule, ta ga Gengo tsugune a wurin da 'yar wuƙa, ya miƙe ya sulale ta kafar shinge.

Ba ta je ta same shi a gida ba. Ta bari sai ranar da gari ya fito yashe magudanar ruwan gona, kowa na tsaye da shebur, sannan ta tare shi.

"Tsohon banza, mai hannun ɓera! Duk dutsen nan cike yake da giboshin ci, amma sai na mamaci za ka yanka ka dangwala da daddawar miso? Abokinka fa!"

Gengo ya cire tsumman wuyansa ya goge fuska. Mutane na jira ya rantse ko ya musa.

"Ya dai tsiro bana ko, Kikuyo?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ta dumbuli taɓo ta watsa masa a ƙirji. Daga ranar mata suka daina amsa gaisuwarsa, har Tsuneko ta ce ita ma ta riƙa zaɓo masa awarar da ta kwana. Shi kuwa ya ci gaba da harkarsa, wannan kuma shi ya fi ƙona Kikuyo.

Ta kira ɗanta daga birni ya zagaye lambun da waya mai tsayi, aka toshe kafar shingen, ta sa kwaɗo ta rataya makullin a wuya. Da hunturu ya matso ta ninka karan shinkafar. Ta gaya wa kowa cewa bana za a ga yadda giboshinta yake idan babu ɓarawo.

Ƙanƙara ta narke. Na maƙwabta ya fito, na dutse ya fito har an gama ci. Nata shiru. Da ta kasa haƙuri ta kwashe karan ta sa hannu ta tona. Rami ta tarar, babu ko zaren saiwa. Ta tsaya a nan tana ɗura wa Gengo zagi ta saman waya har muryarta ta dishe. Wato a ganinta, da ya ga an kulle, sai ya haura ya kwashe gaba ɗaya.

Washegari da safe ta ɗauki fartanya ta shiga gidansa ba sallama, ta zarce bayan rumbu don ta ƙwato kayanta. Shekara da shekaru ba ta taka wurin ba. A inuwa, cikin jar ƙasa, ga farin giboshi faɗin tabarma, tsoho, wanda ya girmi jikokinta. Gefensa duk tabon wuƙa ne, inda aka riƙa yankar ɓangare. Kusa da shi ga 'yar tukunya da tsirai uku, sun fara yaushi.

Gengo ya fito yana jan takalmi, ya dubi fartanyar, ya dubi tukunyar.

"Ɗauki, naki ne na bana, kin kulle min hanya. Wanda na ba Shohachi ai ɓeraye sun cinye shi tun hunturun farko, duk shekara ni nake dasa miki wani."