Abin da Zoben Akawal Ya Faɗa

Tun da aka kafa dokar sa wa dawakin sukuwa zobe mai sauraren numfashi a kunne, duk dokin da ya sare sau uku a fili, farar mota ke zuwa ta ɗauke shi. Ba mu taɓa ganin ta dawo da ko ɗaya ba. Akawal, dokina, ya sare sau biyu, kuma jibi akwai sukuwa.

Na ja shi wurin Dakta Kubura, likitar dabbobi, hakina ya fi nasa.

"Dakta, ki taimake ni. Kanwa na ba shi, dusa na sauya, har rubutu ya sha."

Ta ɗora allon na'urarta a kan zoben, ta daɗe tana kallo.

"Baba Tanimu, huhunsa lafiya, zuciyarsa lafiya, ƙafafunsa garau. Wa ke motsa shi da safe?"

"Ni mana. Shekara shida."

"A ina kuke tsayawa?"

"Gindin tsamiya, in ɗan sha iska."

"Bayan taku dubu ke nan. To ko wa ya hau shi, a taku dubu yake tsayawa. Ku yake jira ku huta."

Ashe tumbina ne ciwon.

"Zan rubuta an gano sanadi, motar ba za ta zo ba," in ji ta. "Amma doka ta ce a raba doki da sanadin. Yau."

Na miƙa mata linzamin. Ta ja, ya ƙi motsi, yana kallona.

"Baba, sai kun juya baya."